Madannan Yaya Nura sun iso

Jama'a, yau an kawo wa mamaci saƙo a gidanmu.

Wani direba ya kira ni daga tasha, wai ga kayan yayana Nura. Na ce, "Malam, ai Yaya Nura ya rasu, kwale-kwale ya kife da su." Ya yi salati, ya ce in zo in karɓa.

Na buɗe a gaban Inna. Ashe madannan kibod na kwamfuta ne da ya yi oda, masu ɗan turjewa a ƙarƙashin yatsa.

Inna ta danna ɗaya. Ƙwas.

Ta ce, "Wannan ce ƙarar da nake masa faɗa a kai?"

Ta shige ɗaki da shi. Har yanzu ina jiyo ta tana dannawa.