Katakon Iya

Wata Laraba cikin Agusta, shekarar da na shiga aji huɗu, aka sheƙa ruwa a Kusfa har lungunmu ya koma rafi. An aike ni kwaso tumaki, sai na hangi katakai biyar jingine a bayan ɗakin kakata Iya, an lulluɓe su da tsohuwar tabarma. Ni kuwa tun ina ƙarami hannuna ba ya jin magana. Na zare ɗaya, na kwanta a kansa rub-da-ciki, ruwa ya kwashe ni har bakin kududdufi. Kafin damina ta ƙare na iya hawansa a tsaye, yaran unguwa suna bin layi.

Da rani ya shigo ruwa ya ɗauke, abin ya dame ni. Sai na roƙi tsofaffin boris huɗu, ƙananan tayoyin ƙarfen nan na cikin inji, a wurin wani makanike, na kafa su a ƙarƙashin katakon da ƙusoshi, muka koma gangaren Ƙofar Gayan muna sulu a busasshiyar ƙasa. Har alfahari nake, ina ganin duk Zazzau babu mai dabarata.

Wata la'asar na shigo da shi tsakar gida ina fito. Iya tana kaɗi, sai ta ajiye mazari ta zuba wa katakon ido. Mahaifiyata ta saki murfin tukunya tana salati.

"Maigida," in ji Iya, don haka take tsokanata, "katakon rufe kabarina ne. Ni zan kwanta a ƙarƙashinsa, kai har ka riga ka hau kansa?"

Ban taɓa sanin mutum yana tanadin irin wannan da ransa ba, ban kuma taɓa kawowa Iya za ta mutu ba. Na yi kuka kamar an riga an ɗauke ta. Mahaifina ya ce a sawo wani, ta ƙi. "A cire ƙafafun kawai. Wanda mijina ya taka nake so."

Yanzu jikana yana nuna mini a waya yadda masu hawan igiyar teku suka fara sa wa katakonsu taya ranar da teku ya kwanta. Ina gyaɗa kai, hankalina yana can maƙabarta, ranar da aka kai Iya, shekara uku bayan waccan la'asar, ina leƙe ta tsakanin manya ana jera katakai. Na gane nawa da hujin ƙusoshina, shi aka ɗora daidai kanta.