Kawu Bukar a Ɗakin Awakinmu

Ranar wata Asabar, a hutun da na gama aji huɗu na firamare, Inna ta sa mu fitar da awakinmu uku daga ɗakinsu da ke ƙuryar gidanmu a unguwar Moduganari. Ni da ƙanwata Yagana muna ja, su suna turjewa, har baƙar cikinsu ta tunkuɗa ni cikin bahon wanki. Muka share, muka zuba sabon yashi, Inna ta yi ta banka turaren wuta, amma warin bunsuru ya ƙi fita duka. Da la'asar Baba ya shigo da Kawu Bukar, ƙanin Inna, yana riƙe da ledar magunguna.

Kawu mahauci ne a Kasuwar Shanu, kafin maganin tari da ƙwaya su raba shi da sana'arsa da ɗakin da yake haya. Sau biyu ana kwantar da shi a asibiti yana fitowa garau, amma da yake ba shi da makwanci sai rumfar kasuwa, inda abokan shansa suke, ko wata ba ya rufawa yake komawa ruwa. A karo na uku Inna ta ce wa Baba, "Likita ya yi nasa. In muka bar shi ya koma rumfa, mu muka mayar da shi." Baba ya ji fargaba saboda mu yara, amma daga baya ya amince.

Ni aka ɗora wa tuna masa magani, domin na iya duba agogo. Kullum kafin in tafi makaranta nakan tsaya a kansa da kofin ruwa, shi kuma ya ƙame kamar soja ya gaishe ni ya ce, "Wushe, Likita Falmata!" Sai ya haɗiye, ya wangame baki in leƙa. Da yamma yana koya mana dara a kan yashi, yana cuwa-cuwa, muna kama shi muna ihu.

Sau ɗaya ya ɓace kwana biyu. Da ya dawo, ido jawur, ya tsaya a zaure ya kasa shigowa. Baba ya dube shi ya ce, "Bukar, shigo, tuwonka na hucewa." Washegari Baba da kansa ya raka shi wurin likita.

Bayan shekara guda Kawu ya kafa tukubar tsire a bakin layinmu, daga baya ya yi aure, yanzu har ya aurar da 'yarsa ta fari. Layin kuwa ya canja, zaurukan sun zama shaguna, gidaje duk ƙofar ƙarfe. Nakan ga samari kwance a gindin dalbejiya, in tambayi kaina ƙofar wa za su buga ranar da asibiti ya sallame su. Kawu dai ya tarar da tamu a buɗe.