Ranar da Mama ta fi ƙarfina

Shekarun baya, ina gama sakandare ke nan, ɓarin jikin mahaifiyata ya shanye. Babanmu yana aiki a Babura, sai ƙarshen mako yake dawowa Kazaure, saboda haka jinya ta faɗo kaina: wanka, bayi, juya ta a katifa.

A lokacin magana ɗaya ce a bakina: "Zan iya." Matan cocinmu suka ce za su riƙa yi min karɓa-karɓa, na ce zan iya. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya da katanga kawai ta raba mu, ta leƙo ta ce, "'Yata, in za ki yi mata wanka ki buga min katanga." Na ce, "Ba komai Hajiya, zan iya." Ni da ko jarkar ruwa sai na yi ta hutawa a hanya.

Wata safiya a banɗaki santsin sabulu ya kwashe mu. Kan Mama ya bugu da siminti, jini ya bi ruwa. Na zura hannu a hammatarta na ja, ko motsi. Na sake ja har hannuwana suka mutu. Jikinta ya fara rawar sanyi, idonta na lumshewa. Na zube cikin kumfar nan na ce, "Yesu, ban iya ba. Na gaji."

Sai na ji Mama, da bakinta a karkace, da ƙyar: "To da... ke ce Allah?" Ta numfasa. "Buga katanga."

Na buga da kofin wanka. Hajiya ta shigo ko mayafi babu, ta zura zani ta ƙarƙashin Mama, muka ɗaga tare. Tana danne ciwon da tsumma tana cewa, "Ke dai yarinyar nan akwai taurin kai."

Yanzu Mama da sanda take takawa har coci. Ni ce dai ban gama warkewa ba. Ko bokiti ya faɗi sai in ruga in duba Mama.

Duk watannin jinyar nan addu'ata ita ce Ubangiji ya ƙara min ƙarfi, don in ci gaba da yi ni kaɗai. Bai ƙara ba. Nasa ƙarfin ya ajiye min a bayan katanga, yana jira in ce ban iya ba.