Ranar da Na Ce "Ku Tashi"

Cikin shekarun da na yi ina tuƙa motar shela ta ƙaramar hukuma, ranar da har yau ban manta ba ita ce wadda aka aike ni wani ƙauye bakin gulbi, yamma da Gummi. Ga waɗanda ba su san aikin ba: idan sanarwar ambaliya ta zo daga jiha, jami'in agaji zai sa hannu, a ba ni takarda, in ɗaura lasifika in bi ƙauyuka ina karantawa. Firamare kawai na yi, amma muryata tana kaiwa nesa.

Tsakiyar damina ce, gero ya fara fidda kai. Takardar ta ce mazauna bakin gulbi su tashi nan take su koma tudu. Na tsaya bakin kasuwa da hantsi, na kunna lasifika, na ce, "Jama'a, ku tashi!"

Ban ƙarasa ba wuri ya hargitse. Masu nono suka watsar da ƙore, wata mata ta suri yaranta ta nufi fadama. Na sha'afa cewa yanzu a ƙasarmu mutane iri ɗaya ne ke cewa ƙauye ya tashi, kuma bisa babur suke zuwa, da bindiga.

Mai unguwa, wani dattijo, Baba Ummaru, ya zo ya dafa ƙofar motar.

"Kashe abin ga, ɗan nan. Wa ya aiko ka?"

"Hukuma ce, Baba. Ruwa na tafe."

"Ruwa? Don ruwa ka tsinka muna hanji?"

Ya ja ni gindin wata tsamiya a bakin gaɓa. Jikinta duk saran gatari ne, wani bisa wani, kowane sara iyakar inda ruwa ya kai a wata shekara. Ya ce kullum da safe sai sun zo sun duba. Sai ya nuna tudun da takarda ke nufi.

"Can dajin ya soma. Ruwa mun san halinai, shi ci gina shi koma. Bai taɓa ɗaukar mutum shi bugo waya ba."

Na dai ce an ce ruwan bana zai fi, kuma rumbu da tsofaffi ba sa gudu. Ya sake duban tsamiyar, sannan ya ce akwai makarantar firamare a kan jigawa, cikin gari.

Na kira oga. "Ranka ya daɗe, takardar nan ba ta karantuwa a nan."

"Sani, aikinka karantawa ne, ba gyarawa ba."

Na ce to, na kashe waya, na gyara. Na yi sallama tukuna, na ce maganar ruwa ce, ba kowa ke zuwa ba. A kai hatsi da tsofaffi da masu jego makaranta, sauran su zauna suna duban tsamiya. Har la'asar ina jidar dammunan geron bara daga rumbuna da motar hukuma.

Bayan kwana huɗu ruwa ya zo, ya wuce saran sama da kamu guda. Gidajen bakin gaɓa sun zube, gonaki sun tafi, amma ba a rasa rai ba, hatsi kuma yana cikin aji a bushe. Ni kuwa a ofis takardar gargaɗi aka ba ni, don na sauya sanarwa kuma na yi dako da motar aiki. Tana nan cikin fayil ɗina.

Ku da za ku gaje mu, ku daina cewa mutanen ƙauye ba su tsoron ruwa. Suna tsoro. Tsoro biyu ke gabansu, mu kuma ɗaya kawai muke rubutawa. Kafin ka kunna lasifika, sauka ka tambayi ina za su kwana.

Da ruwa ya janye na koma. Baba Ummaru ya miƙo mini gatari, ya ce in yi sabon saran, shi hannunsa ba ya kaiwa.