Shatar Jirgin Taubashina

A majalisarmu ta ƙofar shagon taki, bayan kasuwar Funtua, ni ake tambaya idan zance ya tsallaka iyakar Najeriya. Na yi fataucin goro a Kumasi, na yi na fata a Kamaru, na zauna a Sudan, na yi wa wani ɗan kwangila aiki a Jidda har furfura ta fara fito mini. Da rediyo ya ambaci wata ƙasa sai a rage muryarsa a juyo gare ni. Ban roƙi wannan matsayi ba, amma ina son sa ƙwarai. Ba ni da gonar kirki, ba ni da shago. Abin da na tara ke nan.

Cikin masu zaman majalisar akwai taubashina, ɗan kawuna, sa'ana ne. Manomin masara ne a wajen Bakori, kuma tafiyarsa mafi nisa ita ce Zariya. Tun muna yara nake tsokanarsa cewa ranar da ya ga teku zai tambayi mai gonar da ruwa ya cinye.

Yana da gida a Funtua. Da can ya ba wani Ibo mai sayar da kayan babur hayar ɗaki a ciki, a nan aka haifa wa ɗan hayar ɗa. Ɗan ya tashi da tuwon matar taubashina, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Uban ya rasu, ɗan ya tafi Legas sana'ar waya, Allah ya buɗa masa. Da daminar da ta wuce ya dawo, magidanci sosai, ya ce zai yi aure a Inugu, kuma ba shi da uban da zai tsaya masa sai Baba, wato taubashina.

Taubashina ya ce bayansa ba zai ɗauki zaman mota ba, ga masara tana jiran taki na biyu. Mutumin ya ce ba komai, zai yi shatar jirgin sama daga Kaduna, a je a dawo.

Aka aiko mini in zo. Na sa babbar riga, don na tabbata an kira ni ne in yi bayani.

Shata a wurinmu ta marar lafiya ce da za a garzaya da shi asibitin Malumfashi. Ni duk yawona jiran cikar mota nake yi. A Kumasi na jira, a Kamaru na jira har aka matse mu mu biyu a kujerar gaba, a Sudan na wuni a gindin babbar mota ana neman fasinja. Faransancina da Larabcina duk a tasha na tsince su. Jirgin sama ma da na sha hawa, layi nake bi da takarduna a hannu.

Na same su a zaure. Na tambayi mutumin ta wane banki zai biya, don in faɗa masa yadda ake yi.

"Babu banki, Baba Alhaji. Da kirifto zan biya."

"Kuɗin wace ƙasa ne?"

"Ba na kowace ƙasa ba ne. A waya yake."

"Hoton wa ke jikinsa?"

Ya yi dariya cikin ladabi, ya sunkuyar da kai. Ya buɗe wani saƙo da masu jirgin suka turo, ya latsa nan, ya latsa can, ya ɗora babban yatsansa a kan wayar. Ya ce an biya.

Ni da na ɗinke sefa a ƙugun wando na tsallaka iyaka da ita, na san wanda zai cuce ka a canjin sidi, kuɗin da ake kashewa a Kumasi, tun daga yadda yake lasar yatsa. A zauren nan duk wannan sanin bai amfane ni da komai ba. Sai na ce, "Kuɗin da ba shi da ƙasa, ranar da ya ɓata wa za ka kai ƙara?"

"Kai za a kawo wa," in ji taubashina. "Ba ka san duniya ba?"

Mutumin ya ce akwai sauran kujeru, Baba ya zaɓi wanda yake so. Na gyara zama. Taubashina ya ambaci matarsa, ya ambaci ƙaninsa, ya ambaci wani maƙwabcinsa mai injin niƙa. Sannan ya dube ni.

"Kai ai ka gaji da jirgi, Alhaji. Huta abinka."

Na ce wallahi kuwa. Ranar da suka tafi ban fito majalisa ba, na ce a ce ina mura.

Da taubashina ya dawo, mutanen da ban taɓa gani a ƙofar shagon ba suka cika wurin. Ya ce babu layi, babu mai lalube ka. Matuƙin da kansa ya fito ya gaishe shi, har da rusunawa. Ya ce lokacin tashi ya yi daidai da azahar, sai ya ce a dakata, aka dakata, ya yi sallarsa a natse.

"Jirgi ba ya jiran kowa," na ce. "Ni a Jidda ina kallonsa ta gilashi ya tashi ya bar ni."

"Wannan naku ne. Namu yana jira."

Namu! Mutumin da har yau yake kiran matuƙi direba. Na tambaye shi ta wane gefe kogin Binuwai yake idan an doshi Inugu, ya ce bai duba ba, barci ya yi, don kujerar kwanciya take yi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. An ba shi sama gaba ɗaya shi da iyalinsa, ya yi minshari a cikinta.

Bayan girbi wani mai sayar da shinkafa a unguwarmu zai tafi Umara, bai taɓa hawa jirgi ba. Irin wannan baƙo nawa ne tun asali. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa, ya wuce ni ya durƙusa gaban taubashina. Ya ce Malam, shawara na zo nema.

Na dubi ƙafafuna.

"Shata ka yi?" in ji taubashina.

"A'a Malam, tikiti na yanka."

"To ai ba wurina za ka zo ba. Ga Alhaji nan, shi ya san na haya. Zai gaya maka inda ake cire takalmi."

Majalisa ta fashe da dariya, mai shagon har da riƙe ciki. Na so in ce ban sani ba. Amma mutumin ya riga ya juyo, kuma na ga tsoro a idonsa. Na faɗa masa ya isa da wuri, ya cire almakashi da turare daga jakar hannu, ya riƙe fasfo a aljihun gaba, ya tauna goro in kunnensa ya toshe. Na koya masa kalmomin Larabci da zai nemi ruwa da banɗaki. Ban rage masa komai ba.

Ya yi godiya sosai. Da ya miƙe zai tafi, sai ya koma wurin taubashina ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, ka sa mini albarka. Allah ya sa wata rana in hau irin naka."

Taubashina ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, yana satar kallona. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce, amma ko wanda ke kusa da ni bai ji ba.