Gayyar da Ta Raba Dattijo da Gonarsa

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, ni magidanci ne mai 'ya'ya uku a Erdington, cikin Birmingham. Ina aikin gyaran lambunan shaƙatawa na ƙaramar hukuma, har aka zo rage ma'aikata, sunana na ciki. Ɗan manomi ne ni daga kudancin Kaduna, da fartanya a kafaɗa na girma, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. A ganina babu Baturen da zai koya mini noma.

Wani dattijo Bature mai kiwon tumaki a ƙauye, tafiyar awa guda daga gari, shi ya rufa mini asiri ya ɗauke ni aiki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana Manchester. Ba mai yawan magana ba ne, amma tare muke shan shayi a kicin ɗinsa, kuma ko ƙwai ne sai ya ba ni in kai wa yara. Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: wani fili a bayan gidansa, ciyawa har ƙugu, furanni barkatai. A garinmu mai irin wannan fili ba ya iya ɗaga kai a kasuwa. Na taɓa yi masa maganar, ya ce in bar shi, na tsuntsaye ne, gwamnati na biyansa a kansa. Na yi dariya a zuci, na ce tsufa ne ya kama shi yake neman abin fakewa. Gwamnatin da ta sallame ni don babu kuɗi ce za ta biya mutum ya ƙi noma?

A watan Yuni aka kwantar da shi a asibiti. Na ce ga damar saka alheri ta zo. Bayan sujada na roƙi 'yan cocinmu su zo mu yi masa gayya irin ta gida. Ranar Asabar muka cika motoci biyu, mata suka dafa shinkafa da wake, muka faɗa wa filin da injin yanka da adduna muna waƙa. Tsuntsaye na ta kuka a kanmu, muna ganin sheƙuna a ƙasa da fasassun ƙwai, ko a jikinmu. Kafin la'asar wuri ya yi fes. Har takin zamani na saya da kuɗina na watsa.

Da rawar jiki na kai masa hotunan aikin a wayata asibiti. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya tambaye ni ko mun ga sheƙuna. A hankali ya bayyana mini cewa ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnati ba zai yanke ciyawar ba sai 'yan tsuntsaye sun tashi, kuma taki ba zai taɓa wurin ba har abada, don yana kashe furannin. Kuɗin filin ne ke riƙe da gonar, tumakin da ƙyar suke biyan abincinsu. Irin furannin kuwa marigayiya matarsa ce ta yi shekaru tana tarawa da hannunta. Na roƙe shi mu yi shiru, ko ya ce laifina ne. Ya ce sa hannun nasa ne, kuma da kansa ya buga wa hukumar da ke biyansa waya.

Suka tsayar da kuɗin, suka nemi ya mayar da wani abu daga na baya. Shekara ba ta zagayo ba ya sayar da gonar. Na je gaishe shi sau ɗaya a ɗan ɗakin da 'yarsa ta ba shi a Manchester, tagarsa na kallon tashar bas. Ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Har yau abin na ci mini rai. Ba mugunta ce ta kai ni ba, girman kai ne. 'Yan'uwana da ke ƙasar mutane, in za ku taimaki wani, ku fara tambayarsa, kuma in ya amsa ku yarda da shi. Ni bawan Allahn nan ya faɗa mini gaskiya da bakinsa, na ji, na yi dariya.