Jagorar da Ba Ta da Launi

Sun yi ta sa ni gyara littafin jagorar nan, amma ba su taɓa buga shi da launi ba. Ƙorafina ke nan, kuma har yau ban huce ba.

Na haura arba'in kafin na iya rubuta sunana, a makarantar manya ta Maamobi. Da wata ƙungiya ta buɗe wa mata ajin kwamfuta a unguwar Nima, sai aka ba ni aikin rubuta bayanin manhajar rubutu da Hausarmu ta Zango. Manhajar tana rina kalmomi a kan allo: umarni shuɗi, zance kore, kuskure ja. Duk sanda aka sauya launi, ni ake kira in gyara shafi.

Kwamfutocin ba su da yawa, mata kuwa cike da ɗaki. Karatun gaske a gida ake yi, da fotokofi baƙi da fari. Shafi ya ce a dubi kalmar ja, mace ta duba, ta ga toka.

Maƙwabciyata mai dakon kaya ce a kasuwar Makola, mijinta ya rasu. Takardar shaidar ajin take nema ta samu aikin buga takardu a shago, don wuyanta ya gaji. Kullum sai layin hawa kwamfuta ya wuce ta take isowa daga kasuwa, ta koma gida ta haddace toka. Ranar jarrabawa allo ya cika mata ido. Ta ɗauka duk kalma mai launi kuskure ce, ta bi su ɗaya ɗaya ta goge. Aka cire ta daga ajin.

Na samu saurayin da ke shugabantar ajin.

"Mma, bugun launi akwai tsada," in ji shi.

"To bari in yi bayani da siffa, ɗana. Wannan mai kauri, wancan mai layi a ƙasa."

"Ba haka masu manhajar suka tsara ba."

"Masu manhajar sun taɓa taka Nima?"

Ya yi dariya. "Mma, ke dai da faɗa."

Bai mayar da maƙwabciyata ajin ba. Da yamma na gamu da ita a bakin lungu, kwano a kai, ta kau da fuska kamar ita ta yi laifi.

Washegari na sayi biro ja da shuɗi da kore, na zauna a ƙofar aji tun ba a buɗe ba. Duk wadda ta iso sai in karɓi littafinta, in bi shi kalma kalma ina shafa wa kowace launinta.